Yakuwa Nawa Ka Sani?

Idan na ce maka "yakuwa", me ya fara faɗo maka a rai? Amsar ta danganta da gidan da ka tashi. Bakano zai tuna miyar taushe da faten tsaki mai ɗan tsami-tsami. Mutumin Sakkwato ko Maraɗi zai ce maka ai sure ake cewa, kuma nan take hancinsa zai jiyo daddawar batso. Wanda ya girma a zangon Kumasi ko Nima zai tuna miyar sure da tuwon zafi, da sobolo mai sanyi a leda. A Garwa da Marwa folere ce, a Injamena karkanji, a Sudan da Masar da kasuwannin Makka karkade. Yaranmu kuwa da aka haifa a Landan ko Shikago, abin da suka sani shi ne jan ruwan nan da ake rabawa ranar suna da biki. Tambayi ɗanka yau ko ya san ana cin ganyen abin da ake yin zoɓo da shi, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Za ka ce sunaye ne suka yi yawa, amma abu ɗaya ne. A littafin masana tsirrai, e, abu ɗaya ne: Hibiscus sabdariffa, sunan da Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya raɗa mata a 1753. A gona kuwa ba haka ba ne, kuma tsohuwar da ke shuka ta a bayan ɗaki dariya za ta yi maka in ka ce mata duk ɗaya ne. Akwai ja, akwai fara, akwai mai jan kara da koren ganye. Akwai wadda ganyenta ya rarrabu kamar yatsun hannu, akwai mai faffaɗan ganye da bai rabu sosai ba. Akwai gajera mai rassa, akwai doguwa sambal da ta fi mutum tsayi, wadda in ba ka lura ba sai ka ɗauka rama ce. Wata tsaminta sai an karya shi da toka ko kanwa, wata kuwa da sauƙi. Wata tana fitar da zoɓorodo manya masu kauri, wata nata ƙanana ne ba su da wani auki, amma ƙwallonta cike yake da gurguzu.

Wannan bambancin ba daga sama ya faɗo ba, hannun mutane ne ya yi shi, kuma akasarinsu mata. Duba ka gani, abu huɗu ake nema a jikin tsiron nan: ganye don miya, gurguzu don daddawa, zoɓorodo don sha da kwaɗo, sai ɓawon kara don igiya. Wadda ta yi fice a ɗaya ba lalle ne ta yi a sauran ba. To matar da sana'arta daddawa ce, in kaka ta yi, gindin da ya fi cika da 'ya'ya shi za ta keɓe don iri. Maƙwabciyarta mai kai ganye kasuwa, gindin da ya fi tofo bayan an tsinke shi, wanda bai yi gaggawar fure ba, shi za ta bari. Bana haka, baɗi haka. Uwa ta ba 'ya, 'ya ta ƙulle a bakin zane ta tafi da shi gidan miji a wani gari mai wata irin ƙasa da wani irin ruwan sama, can ma a ci gaba da zaɓe. Ka lissafa wannan a ɗaruruwan damina da dubban ƙauyuka, daga gaɓar tekun Sanagal har Kogin Nilu, za ka gane inda ire-iren nan suka fito.

Af, bari in gyara wani abu tun da wuri. Zoɓorodo ba fure ba ne, duk da abin da masu shaguna ke rubutawa a jikin leda. Furen yakuwa fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa da jan ido a tsakiya, kamar na kuɓewa da na auduga, don dangi ɗaya ne su ukun. Da safe yake buɗewa, kafin rana ta faɗi ya yi yaushi. Abin da muke jiƙawa mu sha shi ne ƙoƙon da ke riƙe da furen ta ƙasa, wanda ke kumbura ya yi nama bayan furen ya kaɗe, ya rungume ƙwallon iri.

Furen nan mai kwana ɗaya yana da wani hali da ya kamata ka riƙe, don sauran maganar duk a kansa ta rataya. Kansa yake yi wa barbara. Garin da ke jikinsa yakan zuba a kan uwar furen tun da sassafe, wani lokaci tun bai gama buɗewa ba, saboda haka kafin ƙudan zuma ya iso da garin wata gonar an riga an gama magana. Gauraya tana aukuwa, amma nadiran. Kwatanta shi da gero. Shi gero iska ce ke kwasar garinsa daga wannan gona zuwa waccan, shi ya sa geron ƙauye guda duk dangin juna ne, in na wane ya ɓace, rabin halinsa na nan a gonar maƙwabci. Yakuwa ba ta da wannan zumuncin. Kowane iri zaman kansa yake yi. Alherin abin shi ne farar yakuwar kakarka za ta ci gaba da fitowa fara shekara da shekaru ko da an shuka ta kusa da ja, ba ta narkewa cikin wata. Sharrinsa kuma, abin da ke cikin irin nan, a cikinsa kaɗai yake. Ɗanɗanonsa, saurin nunarsa, juriyarsa ga fari, ba a raba su a gonakin maƙwabta ba. Ranar da mace ta ƙarshe mai shuka shi ta daina, shi ke nan, ba inda za a je a tsinto.

Daga ina ta fito? Tsofaffin littattafan Turawa sukan ce Indiya, kuma har yau za ka ga ana ta maimaita hakan a intanet. Amma jikin tsiron ya ba da wata shaida dabam. Can cikin ƙwayar halittar kowane mai rai akwai wasu 'yan sanduna da ke ɗauke da gado, masana na kiransu kuromosom. Rama tana da 36. Yakuwa tana da 72, ninki biyu cif. Bayanin masana shi ne, a wani zamani mai nisa tsirrai biyu na daji 'yan dangi suka haɗu, ɗan da suka haifa ya riƙe gadon uwa da na uba gaba ɗaya bai zubar da ko guda ba. Wasu masana biyu, Margaret Menzel da Douglas Wilson, sun shafe shekarun 1960 a Fulorida ta Amurka suna haɗa auren rama da yakuwa da danginsu na daji don su gane wa ya haifi wa, kuma sawun ya bi da su zuwa Afirka, inda dangin na daji suka fi yawa. Kafin su, a 1959, George Murdock ya lissafa yakuwa cikin amfanin gonar da mutanen yankinmu na Sudan, wato shimfiɗar ƙasar da ke ƙarƙashin Sahara, suka fara nomawa, tare da dawa da gero da acca. Faransawa ma tun da can sunan da suke kiranta da shi ma'anarsa ganyen tsami na Gini.

Wasu masana na ganin don 'ya'yanta aka fara nomanta, ganye da zoɓorodo daga baya suka biyo. Ni dai wannan ra'ayin ya kwanta mini, kuma dalilina daddawar batso ce. A dafa gurguzu ya daɗe a wuta, a daka, a rufe shi kwanaki ya ruɓa, a dunƙula a shanya. Wannan aikin da kake ganin na Hausawa ne kaɗai, a Burkina Faso ana yin sa ana ce masa bikalga, a Mali datu, a arewacin Kamaru mbuja, a yammacin Sudan furundu. Malamin nan ɗan Sudan, Hamid Dirar, a littafinsa na 1993 kan abincin gargajiyar ƙasarsu da ake ruɓarwa, ya kawo furundu cikin abubuwan da talaka ke sawa a miya a madadin nama, tare da kawal, wanda ba komai ba ne illa ganyen tafasa da aka ruɓar. Sana'a ɗaya, harsuna biyar, tafiyar dubban kilomita. Abin da ya bazu haka ba jiya ya fara ba.

Ka kuma lura da shimfiɗar wuraren nan a taswira. Kusan hanyar alhazan ƙafa ce: Kano, Borno, Cadi, Darfur, Kurdufan, har bakin Bahar Maliya. Kakanninmu sun bi ta ɗaruruwan shekaru, wasu su yi damina ɗaya ko biyu a hanya suna noma don neman guzuri, wasu su zauna ke nan. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas har suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin Jazira a 1925, ƙwadagon mutanen Yammacin Afirka na cikin abin da ya riƙe su. Bahaushen da ya sauka can bai tarar da baƙon ganye ba, yakuwarsa ya tarar da wani suna. Haka fataken goro da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga. In ka saurari kalmar sobolo da kyau, ai kunnenka zai jiyo soɓorodo.

Tafiyarta ta yamma ita ce mai ɗaci, don a jiragen bayi ta tsallaka teku. Tun ƙarni na 17 ana nomanta a Barazil, kuma an rubuta ta a Jamaika a 1707. Mutanen Jamaika har gobe da ita suke shan Kirsimeti, da citta a ciki kamar yadda muke yi, Meziko kuwa sunan Jamaika ɗin ma suka laƙaba wa abin shan. Amma labarin da ya fi taɓa ni na jihar Maranyawo ne a arewacin Barazil. A 1755 Fotugal ta kafa wani kamfani na musamman da ya riƙa kwaso bayi daga Bisau da Kashewu, a Gini Bisau ta yau, yana kai su can noman shinkafa da auduga. Yau in ka je Maranyawo, abincin da suke alfahari da shi shinkafa ce da ake haɗawa da ganyen yakuwa da riɗi da busasshen jatan lande, sunansa kusha. Mandinkawan Gambiya kuwa ganyen yakuwa kuca suke ce masa. Ka ji fa. An raba mutane da ƙasarsu da sunayensu da harshensu, amma ganyen miya da sunansa suka tsira, shekara fiye da 250. Kuma ka lura, ganye suke ci. Ashe ba mai jan zoɓorodo kaɗai ta yi hijira ba, har da ta miya, kuma sai da wata mace ta riƙa ajiye irinta kowace shekara a cikin bauta kafin ta iso zamaninmu.

A Asiya ma ta samu gida. Mutanen kudancin Indiya masu harshen Telugu suna ce wa ganyen gongura, sun kasa shi biyu, mai jan kara da mai koren kara, kuma ba su haɗa shi da komai. A Bama ganyen miyar yau da kullum ne. A Indiyar ne Albert Howard da matarsa Gabrielle, suna aiki a cibiyar binciken noma ta Pusa, suka rarrabe gajerar yakuwa gida huɗu a 1911 bisa launin kara da na zoɓorodo, daga ja wur zuwa fara tas da biyu a tsakani. Bayan shekara uku wani masani mai suna Wester a ƙasar Filifin ya ba doguwar nan ta igiya sunanta na daban. Na ambace su ne don ka ga lokacin da ilimin boko ya fara ƙirga abin da matan ƙauye suka daɗe da sani. Gida huɗu ko biyar ɗin nan manyan rukunai ne kawai, a cikin kowane akwai ire-iren da ba su da suna sai a bakin masu shuka su.

To ina matsalar take? Kasuwa ce, ɗan uwa, kuma kasuwa mai daɗi, shi ya sa abin ke da wuyar faɗa. Duniya ta gano zoɓo. Jamus da Amurka suna sayensa da yawa, kusan duk shayin 'ya'yan itace mai ja da ka gani a kanti a nan Turai, in ka juya kwalin ka karanta za ka tarar da shi a ciki. Mai saye daga waje abu ɗaya yake so: ja mai duhu, mai kauri, mai tsami, busasshe, duk buhun kala ɗaya. Sudan ta yi suna da na Kurdufan, musamman irin da ake kira Rahad, ana hada-hadarsa a kasuwar Ubayyid. A Sanagal akwai wani iri da suka sa wa suna Vimto saboda duhun jansa, akwai kuma nasu na gida mai suna Koor da ya fi shi tsami amma bai kai shi launi ba. A Najeriya kuwa Jigawa da Kano da Katsina ne ke cika kwantenoni, kuma babbar mai saye ita ce Meziko, wadda nata noman na jihar Gerero ba ya isarta. Abin mamaki ba ya ƙarewa: tsiron da ya tsallaka teku a jirgin bayi, yau jikokin waɗanda suka saura a gida ne ke sayar wa can ɗin da shi.

Ba na zargin manomi ko kaɗan. Da can yakuwa a kan iyakar gona take, ko a tsakanin gero da gyaɗa, ko bayan ɗaki, abin mata ce da ba a lissafa ta cikin amfanin shekara. Yanzu ta zama kuɗin makaranta da kuɗin aurar da 'ya. Wa zai ce a bari? Sai dai in dillali ya ce ja mai duhu kaɗai yake saye, kuma farar da ta gauraya a buhu tana karya farashi, to fara za a tuge. In wani ya zo da iri mai manyan zoɓorodo daga wata kasuwa, baɗi rabin ƙauye shi za su shuka. Ba wanda ya yi niyyar kashe wani iri, kowa gyaran gonarsa yake yi. Kuma kasuwar waje ba ta da alƙawari. An yi lokacin da Meziko ta rufe ƙofa ga zoɓorodon Najeriya saboda wani ƙwaron rumbu da aka gani a kaya, aka bar 'yan kasuwa da buhuna jibge a sito. Wanda ya mai da gonarsa duk ta ja, ranar nan ba shi da ta biyu.

Ɓangaren gurguzu ya fi ban tausayi, don shi ba dillali ne ya kashe shi ba, tukunyarmu ce. Dunƙulen magi ya shigo, ba wari, ba wahala, ba kwana uku ana jiran ruɓa. 'Yan matan yanzu da yawa in suka ji warin batso sai su toshe hanci. Mu na ƙasashen waje ma ai mun fi kowa laifi, wa zai buɗe ƙullin batso a bene mai maƙwabta sama da ƙasa? To in ba a yin batso, me zai sa a ci gaba da shuka yakuwar da ba ta da abin nunawa sai 'ya'ya? Irin kuma ba ya zama a gwangwani har abada. A zafin ƙasarmu 'yan shekaru kaɗan yake yi ya mutu, ka shuka ka ga ba tsiro. Ba a shela, ba a jana'iza, sai dai wata rana a tambaya a ce ai tun rasuwar wance ba a ƙara ganin irin nan ba. Ka ƙara da ƙauyukan Zamfara da Katsina da Borno da aka watse aka bar rumbuna saboda 'yan bindiga da Boko Haram. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa neman ƙullin iri.

Wataƙila ka ce to sai me, in ɗaya ta ɓace ai ga wata. Amsa ta farko a harshe take: miyar fara da ta ja ba ɗaya ba ce, kwaɗon farin zoɓorodo ba ya yiwuwa da ja, Yarbawa ma da farin suke miyar isapa. Amsa ta biyu ta fi nauyi. Irin da aka yi shekaru ana zaɓensa a Damagaram, inda damina gajera ce, ya koyi gama aikinsa kafin ruwa ya ɗauke. Wanda aka zaɓa a kudancin Kaduna ko arewacin Gana ya saba da laima da cututtukan da ke zuwa da ita. Duk ranar da wata cuta ta faɗa wa jar da kowa ya rungume, ko damina ta ƙara gajarta, masu gyaran iri ba su da inda za su nemo maganin sai cikin waɗannan na bayan ɗaki. Ba a ƙirƙirar halin juriya a ofis, sai dai a samo shi inda yake a haɗa.

Shi ya sa gwamnatoci ke gina rumbunan ajiyar iri, inda ake busar da shi a rufe a sa a firiza ya yi shekaru gommai. Najeriya tana da nata a Ibadan. Cibiyar kayan lambu ta duniya tana da ɗaya a Arusha ta Tanzaniya da ya ƙware kan ganyayen Afirka. Akwai kuma babban na duniya a tsibirin Svalbard na ƙasar Nowe, cikin dutse kusa da ƙarshen arewa, da aka buɗe a 2008, inda kowace ƙasa ke iya kai kwafin nata a ajiye a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Kana jin haka sai hankalinka ya kwanta. To saurari abin da ya faru a Sudan, ƙasar da ta fi kowa suna a karkade. Rumbun irinta na ƙasa yana Wad Madani, babban birnin Jazira, a bakin kogin nan da Maiwurno take. Shekaru aka yi ana bin ƙauyuka ana tattaro dubban samfura na dawa da gero da riɗi da sauran amfanin gona. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, a Disambar shekarar dakarun RSF suka shiga Wad Madani, aka wawashe cibiyar, aka kwashe firizoji, aka bar ƙunshin iri a zafi. Abin da ya tsira da tabbas shi ne wanda aka riga aka kai kwafinsa Svalbard, da wanda ma'aikatan suka yi ta fafutukar cetowa suka sake aikawa can a farkon 2025. Kuma yaƙin bai tsaya a birni ba, Darfur da Kurdufan, gidan furundu da gidan Rahad, nan ne wutar ta fi ci. Rumbun gwamnati da na bayan ɗaki suka ƙone a lokaci guda.

Yanzu bari mu zo kanmu, mu da ke da ɗan fili a bayan gida ko tukwane a baranda. Da yawa sun shuka yakuwa a Ingila ko Jamus ko arewacin Amurka, ta tashi kyakkyawa, ganye shar, amma har sanyi ya kashe ta ba fure ba ƙwallo, sai su ce irin ne ba shi da kyau. Irin lafiyarsa ƙalau. Yakuwa tsawon yini take aunawa. Ba ta fure sai yini ya gajarta ya dawo wajen sa'a 12. A Kano yinin da ya fi kowane tsawo bai kai sa'a 13 ba, da kaka ta gabato sai ya sauko, ta yi fure daidai lokacin da ruwa ke ɗaukewa. Wannan ne ma ya sa ta zama abin shan Kirsimeti a Jamaika, lokacin ne take nuna. A Landan kuwa yinin watan Yuni ya haura sa'a 16, ba ya saukowa 12 sai ƙarshen Satumba, lokacin sanyi ya riga ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ita tana jiran alamar da ta saba da ita a gida, alamar ba ta zuwa sai an makara.

Nan ma bambancin iri ne ke magana, don ba duka suke da taurin kai ɗaya ba. Masu lambu a Amurka suna shuka wani iri da ake kira Thai Red saboda yana fure da wuri, har a jihohin da sanyi ke saurin sauka yana ba da zoɓorodo. In zoɓo kake so, nemi shi. In kuwa miya ce damuwarka, rashin furen ma riba ce gare ka, don tsiron da bai yi fure ba ganye yake ta zubawa, ka yi ta tsinka daga Yuli har sanyi ya shigo, ka busar ko ka sa a firiza. Fara shi a tukunya cikin ɗaki wajen Afrilu, kada ka fitar sai dare ya daina sanyi. Wanda ba shi da fili kuma ya leƙa shagon Indiyawa ya tambayi gongura. Mai jan kara ta fi tsami, in fate za ka yi da ita ka rage hannu.

Abin da ba za ka iya ba a ƙasar sanyi shi ne riƙe iri, tunda ba ƙwallo. Kowace shekara sai an aiko maka. Amma 'yan uwanmu na Teksas da Fulorida, da na Kumasi da Tamale da Garwa da Injamena, su yakuwa tana kai musu har ƙarshe, kuma tunda ba ta gauraya da sauƙi, ko gindi goma a bayan gida sun isa su riƙe iri guda da halinsa. Ke 'yar uwa da ke waya da Inna duk Juma'a, tambaye ta wace yakuwa ce ake shukawa a gidanku, me ake ce mata, ta ganye ce ko ta batso, daga wane gari aka zo da ita, wa ke da ita har yanzu. A sa kowace a ambulan ɗinta a rubuta wannan a jiki, kada a juye su leda ɗaya don duk gurguzu kama yake yi wa ido. A bar ƙwallon ya bushe a kan kara har ya fara tsagewa kafin a cire, a ajiye inda ba laima ba zafi, a kuma sake shukawa kafin shekara biyu ko uku ta wuce.

Sai maganar kan iyaka. Kada ka cusa iri cikin takalmi a akwati. Amurka da Ostareliya ba sa wasa da wannan, in ba ka bayyana ba za a ƙwace, wani lokaci har da tara, kuma suna da hujja, don ƙwaro da cuta a jikin iri suke tafiya. Ma'aikatar gona ta Amurka tana da ƙa'idojinta kan shigo da iri, sai a bincika su kafin a aiko, kuma a tabbatar irin ya zo a tsabtace, ba ƙasa ba ɓawo, da sunansa na kimiyya a rubuce a jikin kowane ƙunshi. Sunan da za a rubuta shi ne wancan na Linnaeus, a ƙasansa kuma sai a ƙara na gida da sunan ƙauyen.